Wuyan Akuyar Kirsimeti

A shekarata ta farko a Maamobi, ɗaya daga unguwannin Zango na Accra, ana saura kwana biyu Kirsimeti, na sayo ɗan akuya na ɗaure shi a ƙofar ɗakina, sannan na zauna ina kallonsa yana kallona. A ƙauyenmu, can ƙasar Zazzau, ba a yin Kirsimeti ba a yi yanka ba, ko da kaza ce, kuma ba a cin naman a ɗaki a rufe ƙofa. Sabo ne ya sa na saya. Sai da na kawo shi gida na tuna cewa a gidan hayar nan mai ɗaki goma sha ɗaya ni kaɗai ne Kirista, kuma matar da za ta soya mini ta shekara biyu a kabari.

Mai gidan tsohon mahauci ne, kowa Baba yake ce masa. Kakansa ne ya biyo shanu daga arewa ya yada zango a Accra, shi kuwa Baba ko Tamale bai taɓa wucewa ba. Ya fito da butarsa, ya ga akuyar, ya sunkuya ya matsa gadon bayanta kamar an ce masa sayarwa zan yi.

"Masta, an cuce ka," ya ce. "Wannan ƙashi ne da fata. Na Buronya ne?"

Buronya ita ce Kirsimeti a bakin mutanen Zango, Masta kuma ni ne, saboda gyaran keken ɗinki nake yi, kuma telolin Nima, unguwar da ke kusa da tamu, sun ga ina sa tabarau. Na ce masa i, na Buronya ne.

"Wa zai yanka?"

Na ce ban sani ba.

"To ji nan. In kai ka yanka, kai ɗaya za ka ci. In ni na yanka, gida duka zai ci. Zaɓa."

Zaɓin bai yi mini wuya ba. Ranar Kirsimeti da hantsi, bayan na dawo daga coci, Baba ya fito da wata doguwar wuƙa mai ƙotar ƙaho, wadda wasa ya cinye ta har ta yi siriri. Ya sa na haƙa ɗan rami a bayan gida, ya ba akuyar ruwa, ya ɓoye wuƙar a bayansa don kada ta gani, ya juya ta alƙibla. Na riƙe ƙafafu, ya yi bisimilla, kafin in ƙifta ido ya gama. Da aka babbake aka sassara, ya zare wuyan ya ajiye gefe, ya ce wannan na mai yanka ne, haka ya tarar ana yi. Matarsa, wadda duk gidan ke kira Mma, ta karɓi sauran naman ta soya, ta yi miya, aka dafa shinkafa, kwanuka suka yi ta fita ɗaki ɗaki. Da yamma kwanukan suka dawo, babu wanda ya dawo haka nan: wani da lemu, wani da gyaɗa, wani da ƙullin sukari. Na zauna a bakin gado ina duba su, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka binne matata.

Haka muka yi shekara tara. Ni ke saye, Baba ke yanka, Mma ke suya, wuya na Baba ne. Kullum sai ya ce an cuce ni, ko da na sayo wanda ƙiba ta hana shi tafiya.

Sai mutum ya zauna inda na zauna zai san abin da kwanukan nan suke a wurina. Bahaushe Kirista a Zango jemage ne, shi ba ga tsuntsu ba, shi ba ga dabba ba. A unguwa, da na buɗe baki da Hausar gida, sai a matsa mini a sahu, in na ce ni Kirista ne sai a yi dariya a ce in daina wasa. A ɗan cocin da nake zuwa a unguwar Kotobabi, da Turanci ake wa'azi ana juyawa da Twi, in na yi addu'a na ce Allah sai na kusa da ni ya buɗe ido ɗaya ya dube ni. Akwai wata dattijuwa a can da ta yi shekaru tana jiran ranar da zan tuba da gaske. Waƙoƙin da na tashi da su, ni kaɗai nake rera su a shago, ƙasa ƙasa, ina zuba wa keke mai. 'Yata guda tana aure a Kaduna, in mun yi waya ranar Kirsimeti ba ma wuce minti uku. Wanda zai zauna da ni a benci da la'asar ya yi mini tsiya a kan ba na iya cin shito, yajin nan nasu mai zafi, sai hawaye, Baba ne kaɗai.

Ni ma na kiyaye iyakar iyawata. Ba na shan giya, ban taɓa shigo da abin da suke ƙyama cikin gidan ba. Da azumi a shago nake karyawa, in rufe ƙofa. In an yi rasuwa nakan bi gawa har maƙabarta, in tsaya gefe in cire hula. Da sannu sunana ya fita. Matan gida suka riƙa bar mini makullansu in za su kasuwar Makola. Mma takan ce wa baƙi, da irin Hausarsu da ba ta bambanta mace da namiji, "Masta ɗin nan, salla kawai ya rage mishi." Nakan sunkuyar da kai kamar na ji kunya, amma a gaskiya daɗi nake ji har cikin ƙashi.

Mahaifina mai bishara ne na ƙauye, da kekensa da tsohuwar kwat ɗinsa. Abin da ya fi nanata mana shi ne cewa zunubi ba baƙo ba ne, ɗan gida ne, tare aka haife ku. Yakan ce ba wanda ya taɓa zaunar da yaro ya koya masa ƙarya, gaskiya ce ake koyarwa da bulala. In kuwa ka ga wani alheri ya fito daga hannunka, ka gode wa Allah, aro aka ba ka, kada ka rubuta sunanka a jiki. Na haddace wannan tun ina ƙarami, ina iya faɗarsa ina barci. Amma a can cikin zuciyata ina ganin tsoho ya cika tsanantawa. Masu zunubi na san su, ina ganinsu a bakin titi. Ni dai mutumin kirki ne, ga shaidu har gida guda, kuma ba ma 'yan addinina ba.

A shekara ta goma, ana gobe Kirsimeti, aka aiko wa Baba cewa ƙanwarsa ta rasu a Kumasi. Yana ɗaura jakarsa ya ce mini, "Kai shi masallaci, ladan zai yanka ma. Amma wuya nawa ne, ka gaya mishi."

Washegari na dawo daga coci na ja ɗan akuyana zuwa masallacin layinmu. Ban sami ladan ba, ashe shi ma ya bi motar ta'aziyya. Mutum biyar ko shida na tarar a benci, cikinsu har da wani malami da bai daɗe da tarewa a unguwar ba. Na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Malamin ya dube ni, ya dubi akuyar, ya ce ya ji labarina, an ce ni mutumin kirki ne, amma shi ba ya sa wuƙarsa a yankan bikin da ba na addininsa ba, in yi haƙuri. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Yau in na tuna, na san hakkinsa ne ya ƙi. Sai dai wani daga cikin 'yan bencin, tela ne da na sha gyara wa keke, ya ce, "Masta, kai shi coci mana, fada ya yi mishi baftisma." Aka kwashe da dariya. Sauran, waɗanda shekara tara suna cin naman nan, ba wanda ya miƙe.

Ina da zuciya, gadon gidanmu ce. Daga wurin zuwa rumfar mahauta a kasuwar Nima ba ta kai tafiyar minti goma ba, kuma duk sun san Baba, kowanne zai yanka mini kyauta. Na san haka sarai a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Amma na juya na ja akuyar na nufi Kotobabi, tana turjewa ina fizga, har gidan wani kafinta ɗan cocinmu. Na ce ya ara mini wuƙa da bayan shagonsa.

Wuƙar yankan albasa ya ba ni, ba ta ci. Ban ba dabbar ruwa ba, ban ɓoye komai ba. Na danne ta da gwiwa na yi ta goga mata ƙarfen nan a wuya tana kuka kamar jariri, ni kuwa bakina bai daina zagi ba. Na zagi telan, na zagi malamin, na zagi benci da masu zama a kansa, na haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ban kira sunan Allah ba, ko da irin kiran da mahaifina ke yi in zai yanka kaza. Da ta daina motsi na ga yadda wuyan ya yi kaca-kaca. Mma ta shekara arba'in tana auren mahauci, kallo ɗaya za ta yi ta gane. Sai na cire wuyan gaba ɗaya na ƙulle a leda. A hanyar dawowa, a kan gadar babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, na waiga, na sake shi cikin baƙin ruwan.

Mma tana tsakar gida ta riga ta hura gawayi, ta jera albasa da tattasai.

"Masta, ka daɗe. Wa ya yanka?"

"Wani malami ne a Kotobabi. Ladan ba ya nan."

"Ina wuya?"

"Malamin ya ɗauka."

Ta yi dariya ta ce Baba zai yi rigima. Ta yi bisimilla ta zuba naman a tukunya. Ƙaryar ta fito daga bakina sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba, kamar na shekara ina koyonta.

Da a nan abin ya tsaya da na ce fushi ne. Abin da ya fi damuna shi ne abin da na ji da rana, ina zaune a ƙofar ɗakina ina kallon gidan yana ci. Mma tana tsotsar ƙashi, mai shayin ɗakin kusurwa yana neman ƙari, wata baiwar Allah mai ciki tana lasar yatsa. Waɗannan mutane ba su yi mini komai ba, ba su je bencin ba. Amma wani daɗi ya taso mini daga ciki, ina cewa a raina: ku ci, ga yankan arne nan, wa ya mutu? Na yi murmushi, Mma ta ɗauka na murnar biki ne, ta ce Allah ya maimaita mana.

Bayan kwana uku Baba ya dawo. Mma ta ajiye masa soye a kwano. Ya zauna a bencinmu, ya yi bisimilla, ya ci, ya ce malamin Kotobabi ɓarawo ne da ya tafi da wuyansa. Na yi dariya tare da shi.

Lahadin farko na sabuwar shekara aka yi Jibin Ubangiji a coci. A koyarwarmu, kafin mutum ya miƙa hannu ya karɓi gurasa da ƙoƙon, sai ya binciki kansa, in akwai wanda ya cuta ya je ya shirya da shi tukuna. Layi ya tashi, ban bi ba. Na zauna. Wata ya zagayo na sake zama. Da aka yi wata shida fastonmu ya tsare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni lafiya. Mutumin kudu ne, mai fara'a, ba shi da mugunta. Na gaya masa komai da guntun Turancina. Ya saurara, sai ya fashe da dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce akuya kawai? Ya ce dokar yankansu ba ta hau kaina ba, a wurinmu abinci duk mai tsarki ne, in roƙi gafara a kan 'yar ƙaryar in manta. Na yi masa godiya na fito. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba. A duk garin nan, mutumin da zai gane girman abin da na yi shi ne wanda na yi wa.

Na roƙi gafarar Allah, ba sau ɗaya ba. Na kuma gaskata cewa Almasihu ya mutu domin irin wannan ma. Amma duk la'asar ga Baba a benci, yana ɓare goro yana miƙo mini rabi. Sau nawa na shirya maganar a shago, na jera ta tsaf, in na zo na zauna sai in tambaye shi farashin shanu. Tsoro nake ji, kuma na san abin da nake tsoro. In na faɗa, kwanuka za su daina dawowa, makullai za su koma wani hannu, bencin nan zai zama na mutum ɗaya. Ba ni da wani wurin zuwa.

Sai na shiga ƙara kirki. Na gyara wa matan gida kekuna kyauta, na sayi kwanon rufi na toshe yoyon zauren, Kirsimeti biyu da suka biyo baya na sayo manyan awaki har Baba ya rasa bakin cewa an cuce ni. Duk wanda ya gani sai ya yaba. Ni kuwa na san fenti nake shafa wa bangon da gara ta ci. A lokacin ne maganar mahaifina ta dawo mini da ma'anarta. Ashe ko alherin da na yi shekara tara ina yi, rabinsa don a ce da ni mutumin kirki ne, shi ya sa ranar da aka yi mini dariya sau ɗaya, duk ya kife.

Akwai ranar da magana ta tashi a unguwa, wasu suna cewa bai kamata a riƙa karɓar abincin Buronya ba. Ina cikin ɗaki na ji Baba a zaure yana ɗaga murya. "Ni na san abin da ke shiga cikina. Masta bai taɓa ba mu abu mai shakka ba, ko sau ɗaya. Wanda bai so, ya bar kwano." Na zauna a ƙasa na toshe kunnuwana.

A shekara ta uku bayan abin, da damina, Baba ya faɗi a bayan gida, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya ɗan karkace amma ana gane maganarsa. 'Ya'yansa maza suna aiki nesa, don haka ni nake ɗaga shi da safe in fito da shi ya sha hantsi kafin in tafi shago, ranar Juma'a in yi masa aski. Hannun da ke gama yanka kafin a ƙifta ido ya koma kwance a cinyarsa, sai an ɗaga shi an ajiye.

Wata safiyar Juma'a, matan gida sun tafi kasuwa, Mma tana wanka. Na gama askin ina goge masa kumfa, ya ce da ni, "Masta, Buronya na bana, sai dai ladan. Ka gaya mishi wuya nawa ne har yanzu." Ya yi 'yar dariya da rabin baki. Na ga in ban faɗa yau ba, zai tafi da yabona a bakinsa. Na durƙusa a gabansa da reza a hannu.

"Baba, shekarar da ka je Kumasi, babu wani malami a Kotobabi. Ni na yanka."

Na ba shi labarin benci, da kafinta, da wuyan da na jefa a kwata. Ya dubi bango, sannan ya tambaye ni abu ɗaya.

"Da za ka yanka, sunan wa ka kira?"

Da na so da na ce na yi addu'a irin tamu, ba mai ƙaryata ni. Na ce, "Ban kira sunan kowa ba. Zagi nake yi."

"Wa kake zagi?"

"Ku duka."

Ya rufe ido. Da ya buɗe, akwai ruwa a ciki. "Da ka kira Allah, ko da irin naku kira, ka zo ka faɗi gaskiya, akwai malamai da sun ce mu ci. Ni da na ci. Nama ba komai ba ne, Masta. Wanda ya ci bai sani ba, Allah bai kama shi." Ya numfasa. "Amma ni na tsaya a zaure na yi shaida a kanka."

"Na ji ka, Baba. Ka yafe mini."

"Me ya sa sai yanzu? Da ina da ƙafa ba ka faɗa ba. Yanzu da ban iya tashi in bar wurin, ka zo ka sauke kayanka a kaina, don kai ka ji sanyi."

Na buɗe baki in musa, na tarar gaskiya ya faɗa. Ko tuban nawa ma akwai son kai a ciki. Na zo neman sauƙin zuciyata ne, ban tsaya na auna abin da maganar za ta yi wa tsoho marar lafiya ba. Na rasa wuri ɗaya a cikina da zan nuna in ce nan dai tsaf yake.

Muka ji ƙarar bokiti, Mma ta kusa fitowa. Baba ya yi magana da sauri, ƙasa ƙasa. "Kar ka gaya ma tsohuwa. Da hannunshi ya dafa, ya raba ma mutane. In ya ji, ba zai ƙara barci ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan kaya naka ne, riƙe abinka."

Ya rayu wata biyu bayan haka. Na ci gaba da ɗaga shi kowace safiya, bai hana ni ba. In na gaishe shi yakan amsa, amma tsiya ta ƙare, ba maganar shito, ba maganar an cuce ni. In ya ɓare goro da hannun hagu sai ya mayar da rabin aljihu. Kullum ina jiran kalma ɗaya, na yafe, kullum in tafi shago babu ita. Ya rasu wata Talata da azahar ina Nima ina gyaran wani keken ɗinki. Na bi gawar, na tsaya gefe, na cire hula.

Bayan addu'ar arba'in Mma ta aika a kira ni. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba. Ta jawo wani abu a naɗe cikin tsohon buhu daga ƙarƙashin gado ta turo mini. Wuƙar ce, mai ƙotar ƙaho.

"Ya ce a ba ka. Ya ce in Buronya ya zo, ka kai ma ladan ya yanka da shi, wuƙan ladan bai ci, kar dabba ya sha wuya." Ta gyara mayafinta. "Yaran sun so, na ce a'a, Masta ya ce."

Na karɓa da hannu biyu. Bai ce ya yafe ba, kuma ba zan sa masa maganar da bai faɗa ba. Abin da na gane shi ne ya yarda gidan ya ci gaba da cin abincina, kuma ya bar wuƙarsa ta kwana a ɗakin mutumin da ya san abin da ya yi da wata wuƙar. Ban cancanci ko ɗaya ba. Lahadin da ya biyo na tashi na shiga layin Jibin Ubangiji, karo na farko cikin shekara uku. Ba don na wanku ba. Na dai gane cewa teburin nan ba don masu kirki aka shimfiɗa shi ba, da haka ne da babu wanda zai tashi daga kujerarsa.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Ana gobe Kirsimeti nakan fito da wuƙar in wasa ta a dutsen Baba, in naɗe. Da hantsi in ja akuya zuwa wurin ladan, in ba ta ruwa, in riƙe ƙafafu. Ban taɓa yanka ko lemu da wuƙar ba. Mma ta tsufa, jikokinta mata ke suya, ita tana kan kujera tana ba da umarni. Kwanuka suna fita suna dawowa da lemu da gyaɗa. Da la'asar nakan ɗauki nawa kwanon in zauna a bencin, a gefen da na saba zama.

Bara wata sabuwar 'yar haya ta tare a ɗakin kusurwa. Da aka kai mata kwano ta tsaya tana jujjuya shi, ta zo ta tambayi Mma a hankali ko ya halatta. Ina zaune ina ji. Mma ta ɗaga murya yadda duk gidan zai ji.

"Ci abinki, 'yata. Masta ne. Shekara goma sha shida muna tare, bai taɓa yaudaran mu ba. Baba da bakinshi ya faɗa." Ta juyo wajena. "Ko ba haka ba, Masta?"

Lomar tana bakina. Na sunkuyar da kai kamar yadda na saba, na yi ta tauna har ta daina kallona.